Dakaren Gefe: Rayuwata da Buɗe-buɗen Darar Ces da Ba a Saba Gani Ba

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare da ke cikin garin Sakkwato, kuma tun ina saurayi nake buga darar ces. Duk wanda ya taɓa zama gabana a kan allo ya san cewa idan fararen 'ya'ya suka faɗo hannuna, ba na fara wasa da dakaren gaban sarki ko na gaban sarauniya kamar yadda akasarin mutane suke yi. Dakaren da ke gaban dokin ɓangaren sarauniya nake turawa gida biyu, wato takun da ake rubutawa b4. Abokan wasana sun daɗe suna yi mini ba'a a kan haka, wasu suna cewa taurin kai ne, wasu kuma suna ɗaukarsa raini, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya samo asali, da abin da na samu a cikinsa, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Ga wanda bai saba da rubutun wasan ba, allon ces yana da gidaje 64, layukan tsaye takwas ana kiransu da haruffa daga a zuwa h, layukan kwance takwas kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, ta yadda kowane gida yake da sunansa. Mai fari ne yake fara taku, kuma doka ta ba shi taku 20 ya zaɓi ɗaya, 16 na dakaru, 4 na dawaki. Sai dai mafi yawan wasannin manyan gwanaye da guda huɗu kacal ake buɗe su, wato e4 da d4 da c4 da fito da doki zuwa f3, domin su ne suke kama tsakiyar allo tun da wuri. Babban kundin buɗe-buɗen ces da aka fara bugawa a birnin Belgrade a 1974 ya raba wasan kashi 500, daga A00 zuwa E99, ya ware wa kariyar Sisiliya, wato amsa e4 da c5, ita kaɗai kashi 80, amma ya kwashi b4 da g4 da a3 da a4 da h3 da f3, har da fitar da doki gefen allo, ya cusa su duka a kashi ɗaya tak, wato A00. A cikin wannan kashi da aka mayar juji na yi mafi yawan rayuwata ta wasa.

Na koyi ces a Jami'ar Usmanu Danfodiyo cikin shekarun 1990, a ɗakin kwanan ɗalibai da ke Dundaye, a hannun wasu abokan karatu 'yan Kudu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi karatun littattafan Malikiyya, ya san cewa malaman mazhabar ba su yi na'am da wasan ba, don haka bai taɓa nuna yana so ba. Abin da ya gindaya mini shi ne kada kuɗi su shiga tsakani, kada kuma allo ya sa in jinkirta salla, kuma har yau a kan wannan nake. Ban daɗe da farawa ba na gane cewa idona yana gani, ina iya lissafa taku uku ko huɗu gaba ba tare da na ruɗe ba, amma duk da haka cinye ni ake yi. Dalilin ba a ɓoye yake ba. A wancan zamani wanda ya nemi littafin ces a shagunan Sakkwato zai sha yawo bai samu ba, alhali ɗaliban da suka zo daga Legas da Ibadan da Inugu, da masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa kowace shekara, da littattafansu suke zuwa, kuma sun haddace su. Mutum zai zauna gabanka ya zuba taku goma sha biyar na farko kamar gardi yana tilawa, hannunsa bai ko tsaya ba, kai kuwa tun daga taku na biyar kake dafe kai kana tunani. Kafin a shiga tsakiyar wasa ya riga ya sami matsayin da gwanayen Rasha suka tace masa shekaru da dama da suka wuce, kai kuma ka gaji, lokacinka ya tafi. Ba da shi nake karawa ba, da mutanen da suka rubuta littafinsa nake karawa, kuma ba ni da ƙarfinsu.

Bayan na gama karatu na kama koyarwa, wani abokin aikina ya kai ni wata majalisa a Runjin Sambo, ƙarƙashin wani dogon yaro, inda ake shimfiɗa tabarma bayan la'asar a tashi da kiran magariba. Mai majalisar wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Injiniya, wanda ya yi karatun injiniyan ruwa a birnin Minsk na tsohuwar Tarayyar Sobiyet cikin shekarun 1970, ya dawo ya yi aiki a madatsun ruwan Bakolori da Goronyo har ya yi ritaya. 'Ya'yan allonsa na katako ne da ya zo da su daga can, kan ɗaya daga cikin dawakin baƙi ya karye an liƙe shi da gam. Ɗan da ke tafiya a karkace giwa yake kiransa kamar yadda Rashawa da Larabawa suke yi, mu ma duka muka bi shi a kan haka.

Ranar da abin ya shige ni, wani mai yi wa ƙasa hidima ne ya zo, saurayi mai kaifin hadda wanda ya riga ya gama da mu ɗaya bayan ɗaya, ya zauna gaban Baba ya ɗauki baƙi. Baba ya ce da ni, "Malam, zo ka zamna nan ka gani." Ya sa yatsu biyu ya tura dakaren b gida biyu. Saurayin ya dube mu ya yi murmushi, ya tura dakarensa e5. Baba ya ɗora giwa a b2, tana kallon dogon layin karkace da ya ratsa allon daga kusurwa zuwa kusurwa. Saurayin ya ga dakare a b4 babu mai tsaronsa, ya sa giwarsa ya cinye. Baba ya cinye dakaren e5 da tasa giwar. Nan saurayin, ba tare da ya tsaya ba, ya fito da doki c6 don ya kori giwar, wanda taku ne da hannu ke kaiwa gare shi da kansa, tunda a kusan kowane buɗi na littafi can dokin yake zuwa. Giwar Baba ba ta ja da baya ba, sai ta wuce gaba ta cinye dakaren g7, ta tsaya tana barazana ga hasumiyar da ke kusurwar h8, wadda dokinta da dakarenta suka toshe mata hanya ba ta da wurin gudu. Murmushin ya ɓace. Saurayin ya daɗe yana kallon allon, ya tura hularsa baya, amma babu abin yi, hasumiya ta tafi a taku na biyar. Da aka tashi, Baba yana zuba 'ya'yan cikin jaka ya ce da ni, "Mi kag gani? Littahi nai ya ƙare tun ga takun hwari, daga nan da kai nai ya yi wasa."

Daga bakinsa na fara jin tarihin buɗin, daga baya na tabbatar da shi a rubuce. A babbar gasar da aka yi a birnin Niyok a 1924, gwani Savielly Tartakower ya ziyarci gidan namun daji a ranar hutu, ya ce wai ya nemi shawarar wata birinya irin wadda ake kira orangutan, washegari ya buɗe wasansa da Géza Maróczy da b4, aka tashi kunnen doki, sunan birin kuma ya bi buɗin har yau. Wannan ɓangaren raha ne, kuma ina ganin ya cuci buɗin, domin ya sa mutane suna ɗaukarsa abin dariya tun kafin su bincika. Wanda ya yi masa aikin gaske shi ne Alexey Sokolsky, gwanin Sobiyet da ya zauna a Minsk, ya buga shi shekara da shekaru a gasannin gaske da kuma wasan da ake yi ta wasiƙa, ya fitar da littafi sukutum a kansa a 1963, ya rasu a 1969. Baba bai riske shi ba, amma ya tarar da ɗalibansa da masu bin tafarkinsa a kulob-kulob na birnin, kuma ya dawo gida da littafin da Rashanci. Bai yarda littafin ya fita daga zaurensa ba ko don a ɗauki hotonsa, saboda haka sai in zo da littafin rubutu irin na ɗalibai, yana karantowa yana fassarawa, ni kuma ina kwafe takun, a lokacin hunturu muna karkaɗe ƙura daga kan takarda kafin a juya shafi.

Abin da na fahimta a wannan kwafe-kwafe shi ne b4 ba wauta ba ce, ciniki ne mai riba da hasara. Ribarsa uku ce. Giwar b2 tana samun dogon layi tun taku na biyu. Dakaren, idan ya ƙara gaba zuwa b5, yana hana dokin baƙi zama a c6, gidan da ya fi so. Wanda ya kare dakaren e5 da doki a taku na biyu zai ga an kore dokin da b5, idan ya faɗa d4 a sake korarsa da e3, daga nan dakaren e5 ya tafi a banza. Sannan idan aka yi musayar b4 da e5, mai fari ya ba da dakaren gefe ya karɓi na tsakiya, ya rage yana da dakarun tsakiya biyu abokin karawarsa yana da ɗaya, abin da kan yi amfani can gaba idan wasa ya yi tsawo. Hasarar kuwa ita ce lokaci. Giwa ɗaya tana ta kai da kawowa alhali sauran 'ya'ya suna kwance a gida, kuma baƙin da ya san abin da yake yi zai fito da dokinsa f6 ya rufe g7, ya ɓoye sarkinsa a kusurwa, ya riga ka shiri. Hukuncina bayan tsawon zama da shi shi ne b4 ba ya ba mai fari fifikon da e4 ko d4 suke bayarwa. Daidaito yake bayarwa. Amma daidaito ne a filin da na san kowane ramin da ke cikinsa, abokin karawata kuwa ranar ya fara taka shi, kuma ga mutumin da yake koyarwa da safe, yake duba takardun jarrabawa da dare, ba shi da lokacin haddace kashi 80 na Sisiliya, wannan ciniki ne da ya karɓe ni.

Da baƙaƙen 'ya'ya ma irin hanyar na bi. Baba yana da wata tsohuwar mujalla da ta kawo wasan da Tony Miles na Ingila ya yi da Anatoly Karpov a garin Skara na Suwidin a 1980, a gasar ƙungiyoyin ƙasashen Turai, lokacin Karpov yana zakaran duniya. Karpov ya buɗe da e4, Miles ya amsa da a6, dakaren can ƙarshen gefe gida ɗaya, sannan ya bi da b5 ya ɗora giwa a b7, kuma ya ci wasan. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa buɗin Sokolsky ne aka juya shi ta ɓangaren baƙi, don haka bai yi mini wuyar ɗauka ba. Daga baya na ƙara da wanda ake kira Dorina, inda mai baƙi yake jera dakarunsa a layi na shida, a6 da b6 da d6 da e6 da g6 da h6, giwaye a b7 da g7, dawaki a d7 da e7, ya lafe yana jiran abokin karawa ya yi gaggawar kawo hari ya bar baya a buɗe. Boris Spassky ya yi amfani da shi sau biyu a karawar neman kambun duniya da Tigran Petrosian a Mosko a 1966, duka biyun aka tashi canjaras. Baba yakan ce wannan salon ya fi duk sauran tsufa, domin gwanayen Bagadaza na zamanin Abbasiyawa, irin su al-Adli da as-Suli, haka suke yi: 'ya'yan wasansu ba su da saurin na yanzu, saboda haka kowa yakan jera rundunarsa cikin wani tsari mai suna, kamar Mujannah ko Sayyal, kafin a gwabza.

Wasan da na fi tunawa na yi shi ne a wata gasa da aka shirya a cikin gari, da agogo da alƙali da takardar rubuta taku, a wani zaure da fankokinsa suka tsaya saboda an ɗauke wuta, ga zafin bazara irin na Sakkwato. Abokin karawata ɗalibin likitanci ne da ya ji labarina ya kuma shirya mini. Da na buga b4, bai ko ɗaga kai ba ya amsa da c6, na ɗora giwa b2, ya fito da sarauniya b6, tana kallon dakarena da giwar da ke bayansa. Na kare da a3, ya kawo a5. Dabararsa mai kyau ce, domin idan na bar shi ya ci b4, giwata tana tsaye a layi ɗaya da sarauniyarsa. Sai dai wannan matsayi yana cikin littafin rubutuna da tawadar biro shuɗiya. Na tura c4, ya ci b4 da dakarensa yana gyara zama, na ƙara tura dakaren zuwa c5, a bakin sarauniyarsa, babu mai tsaronsa. Na ga hannunsa ya tashi ya tsaya a iska. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan takardar rubutu, ya share da bayan hannu, ya duba agogo, ya sake duba dakaren. Da ya janye sarauniya zuwa c7, da wasa ya ci gaba kowa da rabonsa. Amma ya riga ya ci dakare ɗaya, ga na biyu an miƙo masa, sai ya sa sarauniya ya cinye. Na ɗauki dakaren a3 na ci b4 da shi. Taku ɗaya ya yi aiki biyu: dakaren yana barazana ga sarauniyar da ke c5, layin a kuma ya buɗe, hasumiyata tana kallon tasa da ke a8 wadda ba ta da mai tsaro. Idan ya tsirar da sarauniya hasumiya ta tafi, idan ya ci hasumiyata sarauniya ta tafi. Ya yi 'yan taku kaɗan don kada a ce ya miƙa wuya da wuri, sannan ya tsayar da agogo ya miƙo mini hannu. Abin da ya burge ni da shi shi ne bai tashi ba sai da ya ce, "Malam, don Allah a mayar da 'ya'yan a nuna mini inda ya kamata in bi," muka zauna muka bi layin c7 tare har alƙali ya ce a ba wasu teburin.

A nan ya kamata in bambance abu biyu da mutane suke haɗawa, domin rashin bambance su ne ya sa ake yi wa buɗe-buɗen da ba a saba gani ba kuɗin goro. Akwai buɗin da ba a cika bugawa ba amma yana tsaye da ƙafafunsa, ko abokin karawa ya san amsarsa ba abin da zai samu sai daidaito ko ɗan fifiko kaɗan. A nan nake sa b4, da b3 na Bent Larsen, da Dorina, har ma da a3 da Adolf Anderssen ya buga wa Paul Morphy sau uku a karawarsu ta birnin Faris a 1858, ya ci ɗaya, ya faɗi ɗaya, aka yi kunnen doki a ɗaya. Akwai kuma buɗin da tarko ne kawai, idan an faɗa ka ci, idan an tsallake ka shiga uku.

A majalisarmu akwai wani tela daga Gawon Nama da ya yi shekaru yana cin mutane da irin na biyun. Duk wanda ya buɗe masa da d4, sai ya miƙa dakaren e5 kyauta, abin da ake kira sadaukarwar Englund, ya fito da doki c6 da sarauniya e7, ya zarce da ita b4 ya yi wa sarki barazana, ya ci dakaren b2. A nan mai fari yakan ga hasumiyarsa cikin haɗari ya ɗora giwa a c3 don ya kare ta ya kuma kori sarauniyar, sai telan ya kawo giwarsa b4 ya ɗaure ta, bayan musaya ɗaya sarauniyarsa ta sauka c1, sarki ya mutu a taku na takwas. Na ga manyan mutane, har da wani lauya, sun tashi daga tabarmar nan suna salati. Shi da kansa kuma idan ya riƙi fari g4 yake bugawa, buɗin Henri Grob, mai zanen Suwizalan da ya gwada shi a ɗimbin wasannin wasiƙa da masu karanta wata jarida a Zurich, wanda Michael Basman na Ingila ya ci gaba da ɗaukaka shi har ya rasu a 2022. Tarkonsa shi ne a bar giwar baƙi ta ci g4 ta bar gida, sai a kawo c4 da sarauniya b3 a far wa b7 da d5 lokaci ɗaya.

Wayar hannu ce ta kawo ƙarshen mulkin telan. Da Lichess da Chess.com, shafukan buga ces a intanet, suka shigo hannun yara, musamman lokacin zaman gida na korona a 2020, kowane ɗan sakandare ya sami injin Stockfish a aljihunsa, wanda ya fi duk wani gwani da ya taɓa rayuwa ƙarfin lissafi. Wani ɗan yayata da bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba ya zauna gaban telan, aka bi layin har sarauniya ta ci b2, sai yaron ya bar giwa inda take ya fito da doki c3. Shi ke nan. Hasumiya ta zo b1 ta kori sarauniya, dokin ya haye d5 yana neman c7, telan ya ƙare wasan yana kare gidansa da 'ya'yan da ba su fito ba. Cikin ɗan lokaci duk yaran unguwar suka san wannan doki, g4 ɗinsa ma injin ya nuna musu cewa shi ne mafi rauni a cikin taku ashirin ɗin farko, suka daina jin tsoronsa. Ni kuwa da suka kai b4 gaban injin, abin da ya ce musu shi ne wasa daidai yake, ko ya ɗan karkata kaɗan. Sun daina faɗawa tarkon g7 da na c5, amma dole su zauna su yi wasan tsakiya da ni, a matsayin da na fi su sani. Baba bai ga wannan zamani sosai ba, domin ya rasu kafin wayoyin su gama mamaye majalisar, Allah ya gafarta masa. Iyalinsa suka aiko mini da littafin Rashancin da jakar 'ya'yan katakon.

Ban ce buɗi mai ƙafafu ba ya kayar da mai shi ba. Larsen, wanda yana cikin manyan gwanayen duniya a lokacinsa, ya buga wa Spassky b3 a Belgrade a 1970, a karawar Tarayyar Sobiyet da sauran ƙasashen duniya, aka gama da shi a taku 17, saboda ya bar 'ya'yansa a gida yana ta tura dakaru har Spassky ya sadaukar da doki da hasumiya ya kai dakaren h bakin zama sarauniya. A shekarar nan kuma Bobby Fischer ya ɗauki b3 ɗin ya ci wasanni da shi. Wanda ya bar tsakiya da gangan dole ya san ranar da zai koma ya karɓe ta, kuma ba a yafe masa jinkirin da ake yafe wa mai e4.

Abin da ba na ɗauka ko kaɗan shi ne wanda yara suka kwaso daga intanet, a buga e4 sannan a ɗaga sarki zuwa e2 a taku na biyu, ya toshe wa sarauniya da giwa hanya, ya kuma rasa damar ɓuya a kusurwa. Sun gani ne a wurin manyan gwanayen duniya Magnus Carlsen da Hikaru Nakamura, waɗanda suka buga shi su biyun a wata gasar intanet a watan Maris na 2021, suna dariya, suka maimaita taku aka tashi kunnen doki, a wasan da sakamakonsa ba zai hana kowannensu wucewa zagaye na gaba ba. Wargi wuri gare shi. Wanda ya yi haka a kulob ɗin makarantarmu, tashinsa nake yi daga allo ya ba wani wuri.

Kulob ɗin ya ƙaru tun bayan da Tunde Onakoya, ɗan wasan ces na Nijeriya, ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na Niyok a watan Afrilu na 2024, domin iyayen da a da suke ganin ɓata lokaci ne sun fara zuwa da kansu suna tambaya ko akwai wuri. Ɗalibaina sun san abin da nake bugawa, kuma kowane sabon shiga yakan roƙe ni in koya masa b4 tun makon farko. Ba na yarda. Sai ya yi zango yana buga e4 ana amsa masa da e5, ya san dalilin da ya sa ake rububin tsakiya, ya san zafin a riga shi fito da 'ya'ya, ya iya kashe sarki da hasumiya ɗaya, sannan nake buɗe masa littafin rubutuna, domin Sokolsky da Miles da Larsen duk sun ƙware a hanyar kowa kafin su ratse.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar aji biyar daga Mabera da ta zame mini ƙarfen ƙafa. Ta zauna da wayar yayanta ta tace amsa ɗaya, kuma ba ta sauya ta: e5, ta ci b4 da giwa, doki f6, ta ɓoye sarki, hasumiya e8, sannan d5, ba ta kai hannu ga kowane dakaren da na miƙa mata. Idan na ce mata ta gwada wata hanya don ta ƙaru, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, wannan ɗin ma bai ƙare ba." Mafi yawan wasanninmu na wannan zango kunnen doki ne, ta kuma ci wasu. Na gwada c4 a taku na huɗu don in rage wa d5 ƙarfi, ta amsa da doki c6 ta kori giwata ta ƙara samun lokaci. Yanzu ina duba c3, in kori giwarta tun da wuri, in ba da tawa giwar a kan dokin f6, sannan in kafa dakaru a d4 da e3 in ga ko giwayenta biyu za su sami hanya. Littafin Baba bai yi nisa a wannan layi ba, don haka shafukan da nake cikawa yanzu a bayan littafin rubutun nawa ne da nata, kuma mun yi alkawarin zama a kansa ranar Alhamis bayan an tashi daga darasi.